Abin Da Ke Sa Kuɗi Maƙalewa Tsakanin Banki Da Banki

Duk wanda ya saba tsayawa a rumfar masu POS a Bukan Sidi, kan hanyar Jos cikin Lafiya, ya san kukan nan: an cire, amma bai shiga ba. Wani kuɗinsa kan dawo tun bai mai da kati aljihu ba, wani kuwa sai ya yi kwanaki yana sintiri. To, ina bambancin?

Tura kuɗi aiki biyu ne: a rage daga asusun mai biya, a ƙara a na mai karɓa. Kwamfutar banki takan ɗaure su wuri guda, watau ko duka su tabbata ko kuwa a fasa duka. Kafin ta canja kowane adadi, sai ta rubuta yadda yake a wani kundi. In an sami cikas a tsakiya, ko wuta ta ɗauke ko wani umarni ya ci tura, sai ta bi kundin nan da baya tana warware abin da ta ƙulla, ba tare da ma'aikaci ya sa hannu ba. Wani masani Ba'amurke, Jim Gray, ya bayyana wannan ƙa'ida a 1981, har ya sami lambar Turing a 1998.

Amma fa warwarewar tana yiwuwa ne kafin a tabbatar da lissafi, kuma cikin ma'ajiya ɗaya. In bankuna biyu ne, kowa da littafinsa, saƙo kuma sai ya ratsa ta hannun 'yan tsakani irin su NIBSS. Bankin mai biya ya riga ya rufe nasa, amsa ta ɓace a hanya. Nan ba sauran warwarewa, tilas a gwada littattafai a sake rubuta kuɗin. Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya nuna wa jama'a wannan ƙarara.

A watan Yuni 2020 Babban Bankin Nijeriya ya yanke wa'adi: in na'urar ATM ta bankin mutum ce, a mayar nan take, in ya faskara cikin awa 24, ta wani banki, awa 48, POS kuwa awa 72. A ganinmu kwana uku sun yi yawa ga mai sayen doya da ya bar kuɗin mota a asusu. Mai POS shi ma ba zai ƙirga ko kwabo ba sai na'urarsa ta ce an biya.