Ciwon Zuciyar Da Ba Na Soyayya Ba

Mu marubuta mun saba, da zarar saurayi ya yaudari yarinya a littafi sai mu kwantar da ita a asibiti, likita ya ce ciwon zuciya ne. Ni ma na rubuta haka, sai da Yayata ta haihu na ga na gaskiyar. Wata biyu da suna ƙafafunta suka kumbura, ko tsakar gida ta taka sai haki, da dare kuwa a zaune take kwana. Wasu suka ce iska, wasu suka ce sammu. Da muka je asibiti likita ya ce zuciyarta ce ta gaza. Wallahi sai da na yi hawaye.

Daga nan na shiga tambaya. Ashe zuciya tsoka ce mai bugawa kusan sau 100,000 kullum, kuma abin da ke sa ta matse shi ne kalsiyam, sinadarin nan da aka koya mana yana gina ƙashi. Tun 1883 wani likita a Landan, Sydney Ringer, ya gano zuciyar kwaɗo ba ta ci gaba da bugawa in babu shi.

A kowane bugu, ɗan kaɗan ke shiga ƙwayoyin tsokar, ya buɗe ƙofar wani rumbu da ke ciki, mai yawa ya fito, tsoka ta matse ta tura jini. Nan take wani famfo ya kwashe shi ya mayar rumbun, zuciya ta saki ta sake cika. To idan zuciya ta gaza, famfon ya yi sanyi, ƙofar kuma tana yoyo. Rumbu bai cika ba, matsin babu ƙarfi, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafa. Yoyon nan har bugun yake rikitawa.

Kar ki ce shan madara zai gyara, ba ƙarancin kalsiyam a abinci ba ne. Kanwa da gishiri kuwa ƙara tara ruwa suke a jiki, tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka alaƙanta kunun kanwa da wankan jego da wannan ciwo.

Yaya dai tana kan magani, ta sami sauƙi, alhamdulillahi. Don Allah 'yar uwa, in kin ga mai jego da haki da kumburi, ki roƙi Umma a kai ta asibiti ranar. Allah Ya ba mu lafiya, amin.