Hulɗar Ɗan Adam da Kwamfuta: Misali Daga Hausawan Gadarif

1.0 Gabatarwa

Nazarin hulɗar ɗan Adam da kwamfuta fanni ne da ke duba yadda mutum yake ba na'ura umarni, da yadda take mayar masa da amsa. Fannin ya kankama a 1983, da littafin Card da Moran da Newell. Babbar ƙa'idarsa ita ce, a ƙera na'ura daidai da mai amfani da ita. Wannan takarda za ta gwada ƙa'idar a kan Hausawan Gadarif, a gabashin Sudan.

2.0 Harshe da Rubutu

Hausawa sun daɗe a Sudan ta hanyar aikin hajji, kuma sun ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903. Na Gadarif suna Hausa a gida, amma karatunsu na allo da na makarantun gwamnati da baƙaƙen Larabci ne. Google ya shigar da Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma a 2016, duk da rubutun boko. Ke nan, Bahaushen Gadarif zai iya buɗe wayar da aka ce tana Hausa, ya kasa karanta ta.

3.0 Matsalar Allon Bugu

In ya koma ga allon Larabci, wata matsalar ce ke jiransa. Larabci wasula uku gare shi, wato a, i, u. Hausa kuwa biyar. Haka kuma babu baƙin ɓ ko c ko ts a allon. A 2005 tsarin Unicode ya ƙara wasu baƙaƙen ajamin Afirka, sai dai samun baƙi a tsari daban, samunsa a ƙarƙashin yatsa daban. Shi ma mai boko bai tsira ba: in allonsa ba shi da ƙ, sai baƙi ya koma baki, ƙafa ta koma kafa. Saƙon murya yana kauce wa wannan duka, amma ba a cike takardar banki ko ta asibiti da murya.

4.0 Kammalawa

Fassara kalmomin na'ura rabin aiki ne. Kafin ɗalibi ya fassara ko kalma guda, ya kamata ya tambaya: wa zai karanta, kuma da wane rubutu?