Daga Kano Zuwa Dawce: Wa Ke da Ikon Fitar da Littafi Daga Aji?

A watan Oktoba na 2023, jami'an Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba Al-Mustapha, suka bi shagunan littattafai suna kwashe Queen Primer, ɗan littafin koyon karatun Turanci da kamfanin Nelson na Birtaniya ya fara bugawa tun zamanin Sarauniya Biktoriya. Laifinsa kalma guda ce, wadda a da take nufin fara'a, a yau kuma ake kiran 'yan luwaɗi da ita. Cikin wannan watan dai Majalisar Wakilai a Abuja ta nemi a hana shi a duk Nijeriya. Iyayen da suka koka suna da hujja, don ma'anar yau yaro zai tarar a waya, ba ta ƙarni na 19 ba. Amma ina masu tsara manhaja suke duk shekarun da littafin ya yi cikin jakar yara, har sai da kafafen sada zumunta suka ɗauki zafi?

Kano ta saba da wannan rigima. A 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau ya halarci ƙona littattafan soyayya a wata makarantar 'yan mata, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Shekara ta zagayo, Abubakar Rabo Abdulkarim, shugaban hukumar tacewa na lokacin, ya ce kowane marubuci ya zo ya yi rajista, marubuta kuwa suka ce ba su san zancen ba. Wutar 2007 ɗin ta haɗa baragurbi da littattafan da ke magana kan auren dole da zaman kishi, abubuwan da 'yan matan ke gani a gidajensu. Karatun kuma bai tsaya ba. Yau ya koma Wattpad da WhatsApp, inda ashana ba ta da amfani.

Wanda ya bar Kano ta Daura, ya ƙetare iyaka a Kwangwalam, ya shiga ƙasar Matameye a Nijar, zai tarar da maganar ta sauya kama. A lakwal ɗin gwamnati na karkarar Dawce, ba mushe, wato malamin aji, ne ke zaɓar littafi ba, ba kuma magajin gari ba. Daga Yamai ake tsara manhaja, kuma cibiyar INDRAP ce ta daɗe tana rubuta littattafan firamare. Hanin ma daga can yake saukowa: a 2014 gwamnati ta janye darasin lafiyar haihuwa daga makarantu bayan ƙungiyoyin addinin Musulunci sun ce ya saɓa wa tarbiyyar ƙasa. Malaman addini sun yi magana, minista ya amsa, uban da 'yarsa ke kwaleji a Matameye kuwa a rediyo ya ji.

Alhali akwai inda ya kamata a tambaye shi. Makarantun Nijar suna da kwamitin kula da makaranta, wanda mutane suka fi sani da COGES, inda iyaye da darakta da malamai ke zama. Aikinsu bai cika wuce gyaran aji na zana, da tebur, da kuɗin alli ba. Da za a riƙa ajiye musu sabon littafi su karanta tare da limamin gari kafin a raba, su rubuta ƙorafinsu da lambar shafi, su aika wa sufeto, da hukunci ya dogara kan abin da aka karanta maimakon abin da aka ji. Ikon ƙarshe ya zauna hannun ma'aikatar ilimi, da sharaɗin ta faɗi dalilinta a rubuce. (Gaskiya dai, a azuzuwan karkara da yawa, inda yara ke cunkushewa kan littafi ɗaya, kukan iyaye na rashinsa ne, ba na haninsa ba.)

Lamarin zai ƙara nauyi. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma a 2025 sabon kundin ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki. In azuzuwa suka koma Hausa za su buƙaci littattafai masu yawa, babbar kasuwarsu kuwa Kano ce. Ke nan abin da hukumar wata jiha a wata ƙasa ta bari ko ta kwashe yana iya zama abin da yaron Dawce zai samu ko ya rasa, ba tare da Yamai ko kwamitin makarantarsa sun buɗe shafi ɗaya ba.