RAV4 mai gazuwal: me ya sa masu ita ke kuka da inji, wuta da sitiyari?

A fakin motoci na Sekanji da ke bakin Kwatano, ko a Lome, ko a Duwala, da wuya mutum ya zaga layi biyu bai ci karo da Toyota RAV4 ba. Mutanenmu na son ta. Tana da tsayin ƙafa, ba ta tsoron hanyar burji, tana ɗaukar iyali da kayansu daga Garwa zuwa Marwa ko daga Parakou zuwa Malanville ba tare da gardama ba. Sunan Toyota kuma shi kaɗai kan sa mai saye ya rage tambaya.

Wadda aka ƙera tsakanin 2006 da 2012, wato zubi na uku, iri biyu take shigowa. Akwai mai fetur, akwai kuma mai gazuwal, man da 'yan Najeriya ke ce wa gas. Mai gazuwal ɗin daga Turai take zuwa, za ka ga an rubuta D-4D ko D-CAT a jikinta. Ita ce ake yawan ganin ta buɗe baki a gareji, kuma kukan masu ita kusan ɗaya ne ko'ina: tana shan baƙin mai, ruwan lagireto na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ƙarfinta na mutuwa a kan hawa, sitiyari na ƙara ko ya yi nauyi, fitilun gargaɗi na kamawa suna ɗaukewa.

Ba duka laifin abu ɗaya ba ne. Wasu matsalolin da su motar ta fito daga masana'anta, kamfanin ma ya amsa su. Wasu na tsufa ne. Wasu kuwa a nan wajenmu take gamuwa da su. Bambanta su shi ne ke hana mutum ya zuba kuɗin inji a kan ciwon batir.

Ciwon da ta taho da shi

Injin motar mai lita 2.2 ne, kamfanin na kiran sa 2AD. Na D-4D na farko yana da ƙarfin doki 136, na D-CAT kuma 177. Tun motar na sabuwa a Turai masu ita suka fara kai ƙara a kan abu biyu. Na farko, baƙin hayaƙi yakan daskare a kan fistin da zobbansa, sai baƙin mai ya riƙa wucewa yana ƙonewa tare da gazuwal. Na biyu, gaskit ɗin da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wanda kanikawan ƙasashen Faransanci ke kira joint de culasse, yakan saki. Idan ya saki, iskar ƙonewa ta shiga hanyar ruwa, ta turo ruwan waje ta ƙaramin tankin roba. Shi ya sa direba ke ƙara ruwa kullum, ya duƙa ƙarƙashin mota bai ga ɗigo ba.

Ƙorafin ya yi yawa har Toyota ta tsawaita garantin waɗannan injina a Turai zuwa shekara 7 ko kilomita 180,000. Injin da ke shan fiye da rabin lita na baƙin mai a kilomita 1,000 ana gyara shi ko a sauya. Daga wajejen 2009 aka fito da wanda aka yi wa kwaskwarima, mai ƙarfin doki 150, kukan ya ragu.

Sai a yi lissafi. Motar da aka sayar a 2008, garantinta ya ƙare a 2015. Mafi yawan waɗanda ke sauka a tashoshin jiragen ruwanmu sun wuce wannan wa'adi da nisa. Wadda aka sauya wa inji tun tana can, mai sayenta ya yi sa'a. Wadda ba a taɓa ba, ko wadda mai ita ya ga alamar ciwon ya yi maza ya rabu da ita, ita ce ke zuwa ta ƙarasa a hannun ɗan kasuwar Ngaundare. Wani rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai, Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa.

Zafinmu yana ƙara wa abin nauyi. Injin na alminiyam ne, ba ya jure tafasa: sau ɗaya ya yi zafi sosai kansa na iya lanƙwashewa. Ga kuma ɗabi'ar nan ta cika lagireto da ruwan rijiya, wanda ke barin kanwa da tsatsa a cikin siraran bututu, da ta cire tamostat wai don mota ta sha iska. Cire shi na sa inji ya daɗe bai kai zafin da aka tsara masa ba, gazuwal ya ƙi ƙonewa sarai, baƙin hayaƙi ya ƙaru. Wato an gudu daga wani ciwo an faɗa wanda ya riga ya addabi injin.

Man da ba nata ba

Nan ne gizo ke saƙar. An ƙera wannan inji ne don gazuwal irin na Turai, inda tun 2009 doka ta hana sinadarin sulfa ya wuce kashi 10 cikin miliyan. A watan Satumban 2016 wata ƙungiyar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da sakamakon gwajin man da ta ɗebo a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas. A Mali ta sami gazuwal mai kashi 3,780 cikin miliyan, ninki 378 na abin da Turai ta yarda da shi. Bayan wannan hayaniya Gana ta rage nata ma'aunin zuwa 50 a 2017, a 2020 kuma ministocin ƙasashen CEDEAO suka amince da 50 ga dukan yankin. Amma Kamaru da Cadi ba sa cikin CEDEAO, Nijar ta fice a farkon 2025, kuma abin da ke rubuce a takarda daban yake da abin da ke cikin jarkar bakin hanya.

Me sulfa ke yi wa motar? Domin rage gurɓata iska, injin na da wani bawul mai suna EGR da ke mayar da wani sashe na hayaƙi cikin inji a sake ƙona shi. Hayaƙi mai datti idan ya haɗu da tururin baƙin mai yakan zama kamar kwalta, ya toshe bawul ɗin da bututun shigar iska. Alamarsa ita ce mota ta riƙa sarƙewa, tana tuttuɗo baƙin hayaƙi, ka taka totur ta ƙi amsawa.

A salansar D-CAT da ta sababbin D-4D kuma akwai matatar da ke kama toka, wadda ake kira FAP da Faransanci. Matatar kan share kanta ne ta hanyar ƙona abin da ta tara a zafin da ya kai kusan digiri 600, kuma a D-CAT har nozul na biyar aka sa don ya fesa gazuwal cikin salansa ya hura wannan wuta. Hakan ba ya yiwuwa sai mota ta sami doguwar tafiya da gudu madaidaici. Wadda aikinta daga gida zuwa kasuwa ne cikin cunkoson Duwala, ana kashewa ana tayarwa, ba ta samun wannan dama. Sulfa mai yawa na gaggauta toshe matatar. Idan ta cika, kwamfutar motar da kanta take rage ƙarfin inji don kada ya lalace. Da yawa daga masu cewa injinsu ya mutu, wannan ne ya same su.

Baƙin mai ma yana da nasa hukunci. Mai matatar toka na buƙatar mai mara toka da yawa, wanda ake rubuta C2 a jikin galan ɗinsa. Wanda ake zuba wa tirela da tsofaffin Land Cruiser zai tayar da ita, amma tokarsa ba ta ƙonewa, a matatar take zama. Tazarar juye mai da littafin motar ya bayar kuma ta hanyoyin Turai ce da man Turai. A inda sulfa ke da yawa mai yakan yi tsami da wuri, don haka rage tazarar ya fi arha a kan sauke inji.

Sai nozul. Famfon wannan inji na tura gazuwal da matsin da ya haura bar 1,500, alhali iskar tayar motar ba ta wuce bar 2 da ɗoriya ba. A irin wannan matsi, gazuwal ɗin ne kaɗai ke shafa wa famfo da nozul mai. Wanda aka gauraya da kananzir ya rasa santsinsa, wanda ya sha ruwa a tsohon duro kuma tsatsa yake kawowa. Akwai fitilar da ke kamawa idan ruwa ya taru a ƙasan filtar gazuwal. Ba ado ba ce, a tsaya a tsiyaye.

Kanikawa da dama yanzu suna fasa matatar tokar su zubar, su toshe EGR, su sauya lissafin kwamfuta. Gaskiya mota kan samu sauƙi. Sai dai tokar da matatar ke riƙewa yanzu a huhun masu talla da 'yan makaranta take sauka. Idan kuma aka fasa matatar ba a gyara kwamfuta daidai ba, motar za ta ci gaba da fesa man share abin da babu shi.

Sitiyari da wuta, uwa ɗaya

Wannan RAV4 ba ta da man sitiyari. Wani ƙaramin injin lantarki ne ke taya direba juyawa, kuma yana jan wuta sosai, musamman idan ana murza sitiyari mota na tsaye. Saboda haka batir mai rauni, ko altaneta da ta gaji, ko kan batir da ya yi gishiri, ko wayar da ke haɗa batir da jikin mota idan ta saki, kowannensu na iya sa fitilar P/S ta kama sitiyari ya yi tauri. Mai mota ya tsorata, a ce masa sai an sayo sitiyari ɗungurungum daga Kwatano. Kafin a kai nan a gwada wuta: batir lafiyayye na nuna kusan volt 12.6 idan inji na kashe, idan yana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Zafi na cin batir fiye da sanyi, kuma injin gazuwal na buƙatar mai ƙarfi, ba duk wanda ya shiga gurbin ba.

Ƙarar ƙwas-ƙwas da ake ji idan ana juya sitiyari a hankali ita kam tsohon ciwo ce. Daga sandar da ke haɗa sitiyari da ƙasan mota take fitowa, kuma a Amurka Toyota ta aika wa dilolinta takardar umarnin sauya sandar a motocin 2006 zuwa 2008. Ramukan hanyoyinmu kan fito da ita fili, tare da robobi da gaɓoɓin ƙafa da suka riga suka tsufa.

Abin da ya fi wannan haɗari a baya yake. A watan Agustan 2012 kamfanin ya kira RAV4 kimanin 760,000 a Amurka saboda wani hannu na ƙafar baya. Idan aka daidaita tayoyi ba a ɗaure notocinsa yadda ya kamata ba, tsatsa na cin zaren har hannun ya rabu, mota ta kufce wa direba tana cikin gudu. Wanda motarsa ke rawa daga baya, ko tayoyin baya na cinyewa gefe ɗaya, kada ya tsaya a binciken gaba kawai.

A ɓangaren wuta, sanannen ciwon shi ne makunnin gilashi na ƙofar direba. A watan Oktoban 2012 Toyota ta kira motoci miliyan 7.43 a duniya, har da RAV4, saboda ba a shafa wa makunnin giris daidai ba a masana'anta. Yakan riƙa maƙalewa, kuma idan aka fesa masa man da ba nasa ba yana iya narkewa ya yi hayaƙi. Fesa mai kuwa shi ne abu na farko da ake yi a garejinmu. Sauran rikicin wuta galibi aikin hannu ne: wayoyin da aka yanka don sa rediyo ko ƙarin fitila, fis da aka maye da zaren waya, da wanke inji da ruwa mai ƙarfi har ya shiga soket.

Wanda ke shirin saye, ya nemi a tayar masa da motar da safe inji na sanyi. Ya duba tankin ruwa ko yana kumfa, ko akwai farin busasshen tabo a gefensa. Ya sa a jona mata na'urar bincike, wadda ake ce wa valise, tunda fitilar gargaɗi ana iya kashe ta kafin ciniki. Kilomitar da ke kan allo ba shaida ba ce, takardun gyaran Turai sun fi ta, musamman idan sun nuna an sauya inji. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 kuma ita ce wakilin Toyota, wanda a yawancin ƙasashen nan CFAO ne, zai yi amfani da ita ya duba ko akwai kiran gyara da ba a yi wa motar ba.

A ganina, mai zama cikin gari da gajerun tafiye-tafiye, ko wanda ba shi da tabbacin inda zai sha mai, mai fetur ta fi masa kwanciyar hankali ko da ta fi shan mai. Mai doguwar hanya da ya nace sai gazuwal, D-4D ta bayan 2009 mai cikakkun takardu ta fi D-CAT mai 177 sauƙin riƙo, in dai zai ba ta baƙin manta kuma ya san gidan man da yake tsayawa.