Rainon Albashi a Garwa: Dalilansa, Sakamakonsa da Sharuɗɗan Amana

A Garwa da sauran biranen arewacin Kamaru, rainon jariri ya daɗe cikin ayyukan da dangi ke yi wa juna ba ciniki. Mace kan tafi wankan jego gidan iyayenta a haihuwar fari, ta dawo da ƙanwa ko 'yar wani ɗan'uwa da za ta riƙa goya mata yaro. A babban gida kuma kaka da kishiya da matan 'yan'uwan miji duk idonsu na kan yaron. Wannan tsari yana ja da baya a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa, inda yanzu ake ɗauko mai raino daga waje, a biya ta a ƙarshen wata. Amanar da zumunci ke bayarwa kyauta ta koma abin da sai an gina shi.

Abin da ya kawo sauyin

Dalili na farko shi ne fitar mata aiki. Garwa ce babban birnin yankin Arewa, a nan kuma hedkwatar kamfanin auduga na SODECOTON take, wanda aka kafa a 1974. Ga ofisoshin gwamnati da asibitoci da makarantu, ga Jami'ar Garwa da aka ƙirƙiro a 2022. Dokar ƙwadago ta 1992 ta ba mai juna biyu hutun mako 14, huɗu daga ciki kafin haihuwa. Ke nan malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya kan koma bakin aiki jaririnta yana da kimanin wata biyu da rabi. Dokar ta ba ta har awa guda a rana don shayarwa na tsawon wata 15, amma awa guda ba ta isar wadda ke zaune a Jambutu tana aiki a tsakiyar gari ta je ta dawo.

Na biyu, gwamnati na tura ma'aikatanta daga wannan yanki zuwa wancan. Iyalin da aka turo daga Yawunde ko Ngaundare suna zaune a gidan haya, ba kaka, ba gwaggo. Na uku, ƙanwar da a da ake ɗaukowa tana aji. Tun da aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a 2000, iyaye da yawa sun fi son 'ya'yansu mata su yi karatu. Wannan ci gaba ne, sai dai ya bar giɓi a tsakar gida.

A ɗaya ɓangaren, masu neman aikin sun ƙaru. Tun shekarun 1970 mutanen duwatsun Mandara da filayen Arewa Mai Nisa ke gangarowa kwarin Binuwai neman ƙasar noma, ƙaurar ta kuma ƙaru bayan kammala madatsar ruwa ta Lagdo a 1982. Daga 2014 hare-haren Boko Haram a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari suka raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Zawarawa da 'yan matan da karatunsu ya katse sun shigo birane, aikin gida kuwa shi ne ƙofar da ta fi saurin buɗewa ga wadda ba ta da takarda ko jari.

Yadda ake ɗauka da abin da doka ta ce

Galibi da baki ake samun mai raino: ta hannun maƙwabciya, ko abokiyar aiki, ko dillaliyar da ke zuwa ƙauye ta kawo 'yan mata. Akwai mai kwana a gida, akwai mai zuwa da safe ta koma da yamma. Fillanci ne kan haɗa uwar gida da mai raino idan harsunansu sun bambanta. Sau da yawa kuɗin ba ya shiga hannun yarinyar. Dillaliya ce ke karɓa, ko a aika wa iyaye, ko a ce ana tara mata na kayan ɗaki.

Kamaru tana da doka ta musamman kan masu aikin gida tun 1968. Dokar ƙwadago ta hana ɗaukar yaro aiki kafin shekara 14, kuma wajibi ne mai ɗaukar ma'aikaci ya yi masa rajista a hukumar CNPS mai kula da fansho da haɗarin aiki. A 2023 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa sefa 60,000 a wata ga ma'aikatan da ba na gwamnati ba kuma ba na gona ba. Wata doka ta 2011 ta tanadi hukunci kan fataucin mutane. Amma jami'an sa ido kan ƙwadago ba sa leƙa tsakar gida, kuma gidaje da yawa na biyan abin da bai kai mafi ƙarancin albashin ba, ba takarda, ba ranar hutu.

Riba da asara

Ribar a bayyane take. Uwa ta riƙe aikinta, gida ya samu albashi biyu, asibiti da makaranta ba su rasa ma'aikatansu ba. Bazawarar da ta samu gidan kirki tana ciyar da 'ya'yanta, ta biya musu makaranta.

Asarar ta fi fitowa inda aka ba yarinya rainon yaro. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa kan wuce digiri 40. Jariri mai zawo a irin wannan rana na iya bushewa cikin sa'o'i: maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, kuka ba hawaye. 'Yar shekara 12 da aka bari da wanki da shara da goyo ba lalle ta gane waɗannan alamu ba. Tana iya ɗura wa ɗan wata uku ruwa ko kunu don ya yi shiru, alhali shawarar likitoci ita ce nono zalla har wata shida. Ita kanta ta rasa karatu, ta yi nesa da mai tsaya mata idan aka dake ta ko wani namijin gida ya ci zarafinta.

Babban abin da ke rusa amana shi ne tsoro. Mai rainon da ta san duka ko yanke albashi ke jiranta ba za ta faɗa ba idan yaro ya faɗo daga gado ko ya haɗiyi wani abu. Za ta share masa hawaye ta yi shiru, sai dare jikinsa ya rikice, iyaye su je asibiti ba su san mafari ba. Haka kuma gidan da ke cewa “ai 'yarmu ce” lokacin aiki, ya manta da hakan lokacin rabon abinci ko biyan kuɗi, yakan wayi gari ta tafi ba sallama. Yawan sauya mai raino kuma yana hana ƙaramin yaro sakewa da kowa.

Abin da ke gina amana

Gidajen da mai raino ke daɗewa a cikinsu sun yi tarayya a wasu abubuwa. Suna ɗaukar babba, ba yarinya ba, bayan sun san danginta da inda ta yi aiki a baya. Ana yanke albashi da ranar biya da iyakar aiki gaban shaida tun ranar farko, domin raino daban, aikin gida gaba ɗaya daban. Kuɗin yana shiga hannunta, ko ta Orange Money ko MTN Mobile Money, wanda ke barin shaidar biya.

Uwa kan zauna da ita kwanakin farko kafin hutu ya ƙare, ta nuna mata yadda ake ajiye nonon da aka tatsa, da haɗa ruwan gishiri da sukari, da saka gidan sauro, da inda katin rigakafi yake. Ana bar mata lambar waya da kuɗin babur, a gaya mata asibitin da za ta nufa ba sai ta jira izini ba. Ana tabbatar mata cewa faɗin gaskiya kan tsautsayi ba zai jawo mata hukunci ba.

Sauran kuma mutunci ne. Ta ci daga tukunyar gida, ta samu wurin kwana mai ƙofa da ranar hutu, a bar ta ta yi ibadarta, Musulma ce ko Kirista. Yara su kira ta Adda ko Inna, kuma idan gyara ya kama, a yi mata shi a keɓe.

Rabuwa ma tana da ƙa'ida. Wanda zai janye ya ba da sanarwa da wuri, a biya haƙƙi cif, a ba yaro lokacin sabawa da wadda za ta gaje ta. A garin da aikin ke tafiya da shaidar baki, gidan da ya sallami mai raino da mutunci ba ya shan wahalar samun wata, ita ma tana fita da shaidar da za ta buɗe mata gida na gaba.