Abin da ke Kashe Firij da Fanka a Fadaman Mada

A unguwar Fadaman Mada da ke birnin Bauchi, inda kamfanin rarraba lantarki na Jos ke ba da wuta, hawa da saukar ƙarfin wuta sun fi tsufa saurin kashe firij, domin idan wuta ta yi rauni, kwamfaresa, wato injin da ke tura gas ɗin sanyaya ciki, takan yi ta gurnani har wayoyinta su ƙone. Saboda haka sayen sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta, ya fi sauya kwamfaresa araha nesa ba kusa ba.

Fanka kuwa, idan ta koma sai an tura ta da hannu kafin ta juya, galibi kafasita ce ta mutu, ɗan abin da ke tayar da injinta, kuma mai gyara kan sauya ta nan take, ya kakkaɓe ƙurar hunturu, ya ɗiga mai.