Harajin Gidaje a Tudun Wadar Zariya

Harajin gida kuɗi ne da hukuma ke ɗora wa gini duk shekara gwargwadon darajarsa. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba ƙaramar hukuma aikin kimanta gidajen jama'a domin wannan haraji, amma majalisar dokokin jiha ce ke yanke yawansa. Ya bambanta da kuɗin ƙasa, wanda mai takardar mallaka ke biyan jiha tun da dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa amana a hannun gwamna.

A Jihar Kaduna, inda gwamna Balarabe Musa ya soke harajin kai da jangali a 1979, gyaran baya-bayan nan ya faro ne a zamanin gwamna Nasiru El-Rufa'i. An kafa hukumar KADGIS a 2015 don rajistar filaye a kwamfuta. A 2016 aka tattara dokokin haraji wuri guda, aka hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu, hukumar KADIRS ta zama mai tarawa. An toshe wata kafar zurarewar kuɗi, amma batun wanda zai iya biya yana nan.

Tudun Wada, wadda aka kafa a wajen ganuwa zamanin Turawa domin baƙi 'yan Arewa, ta cika ta batse, kuma filinta ya yi tsada. A layi ɗaya za a tarar da shagunan bakin titi, da ɗakunan da ɗaliban jami'a na harabar Kongo ke haya, da tsohon gidan gado da ba a raba ba, iyalai na zaune a sassansa, galibi babu wata takarda sai ta ciniki da mai unguwa ya shaida. Shago da ɗakin haya suna kawo kuɗi. Gidan gado kuwa sai dai ya ci, domin kowace damina yana neman yaɓe da gyaran kwano. Idan aka auna su duka da tsadar fili, gwauruwa mai marayu za ta biya daidai da ɗan kasuwa, abin da ba adalci ba ne.

Legas ta ga haka. Da ta ɗaga harajin gidaje a 2018 jama'a suka yi ca, dole gwamnati ta rage, dokar 2020 kuma ta ci gaba da yafe wa 'yan fansho gidan da suke zaune a ciki. Sauƙin da ya dace da Tudun Wada ya fi wannan faɗi, tunda da yawa daga cikin tsofaffinta ba su taɓa cin albashi ba, balle fansho: a sassauta wa gidan da masu shi ke kwana a ciki, a yarda a biya kaɗan-kaɗan, a kuma buɗe ƙofar koke ga wanda aka yi wa ƙiyasin da ya wuce kima.

Saura ɗan haya. Takardar haraji sunan mai gida take ɗauke da shi, amma a unguwar da ɗaki ke wuyar samu, mai gida kan mayar da nauyin cikin kuɗin hayar baɗi.